Allon talla mai kunna kansa: inda aka kwana

'Yan uwa masu koyo, ga inda aikin allon tallan nan ya kai. Talabijin ce ƙirar Samsung da aka rataye a wani shagon magani tana nuna farashi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 4 kuma na maƙale a bayanta. Abin da mai shago yake so shi ne ta kunnu ƙarfe 8 na safe, ta mutu ƙarfe 9 na dare, ba sai an nemi rimot ba.

Kunnawa da kashewa ba su ba ni wahala ba. A cikin wayar HDMI, wadda ke haɗa Pi da talabijin, akwai sila guda, mai lamba 13, da aka ware wa tsarin CEC, kuma ta nan Pi ke ba talabijin umarni. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. Ku fara shiga saitin talabijin ku kunna shi. Bayan na sauke manhajar cec-utils a Pi, sai na aika umarnin "on 0" ta cec-client da ke cikinta, fuskar ta yi haske. Na aika "standby 0", ta kwanta. Na sa wayar a ramin HDMI0, wanda ke kusa da wurin caja. Mai amfani da allon kwamfuta ya sani yawancinsu ba sa jin CEC.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Cron, tsarin da na fara amfani da shi wajen kunnawa da kashewa a kan lokaci, yana aika umarni ne a daidai mintin da aka rubuta masa. Idan an ɗauke wuta ƙarfe 7, aka tada janareta ƙarfe 8 da rabi, lokacin kunnawa ya riga ya wuce, kuma cron ba ya waiwaye. Haka talabijin za ta wuni a kashe, da 'yar jar fitilarta a ƙasa. Saboda haka na sauya tsarin gaba ɗaya. Yanzu duk bayan minti 5 wata 'yar manhaja tana duba agogo, ta tambayi talabijin halin da take ciki da "pow 0", in bai dace da lokacin ba ta gyara. A ganina, duk wanda zai kafa irin wannan allo inda wuta ba ta da tabbas, da wannan ya kamata ya fara. Manhajar ta kuma magance wata matsalar: talabijin da yawa suna kashe kansu in aka yi awa 4 ba a taɓa rimot ba.

Sai dai manhajar da agogo ta dogara, Pi 4 kuwa ba shi da agogo mai batir. Daga intanet yake samun lokaci. In ya tashi babu intanet, sai ya ɗora daga lokacin ƙarshe da ya adana, wato yana iya ɗauka dare ne alhali hantsi ya dubi ludayi. Maganin wata 'yar na'urar agogo ce, DS3231, mai ƙaramin batir irin na agogon hannu. Na haɗa ta da wayoyi huɗu, na ƙara layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt, fayil ɗin saitin Pi, na saita yankin lokaci zuwa Africa/Lagos. Na zare filogi cikin dare, da safe na mayar ba tare da intanet ba, lokaci ya fito daidai. Pi 5 yana zuwa da nasa agogon, batir kawai za a saya masa.

Ranar Juma'a na sa talabijin ta kwanta daga ƙarfe 1 zuwa 3, lokacin da ake rufe shago a tafi masallaci.

Abin da ya rage: idan mai shago ya kashe ta da rimot da gangan, ba a wuce minti 5 sai ta sake kunnuwa, kuma hakan ya dame shi. Ina shirin haɗa maɓalli a jikin Pi, wanda in an danna shi manhajar za ta ƙyale talabijin sai washegari. Wanda ya taɓa haɗa irinsa a cikinku, don Allah ya faɗa mini yadda ya hana dannawa ɗaya ƙirguwa sau biyu.