Sati na huɗu: sikeli ya tona mana asiri

Salam 'yan uwa masu koyon futsal (ƙwallon ƙafa ta mutum biyar-biyar a ƙaramin fili) irina. Yau sati huɗu kenan da muka fara tsarin shan ruwa a tim ɗinmu, bari in faɗa muku inda aka kwana.

Ga wanda bai san mafarin ba, ni ne na zube a wani fili da muke kamawa wajen Zoo Road ana saura minti biyar a tashi, ƙafa ta ɗaure, kai na sarawa, ido na ganin duhu-duhu, kuma wallahi ko ƙishirwar kirki ban ji ba. Muna da ma'aikacin jinya a tim, shi ya zaunar da mu ya ce ai ƙishirwa makararriya ce, kafin ta zo jiki ya riga ya tafka asara. Mu a tunaninmu wasan mutum biyar-biyar ne, minti 20 sau biyu, me za a rasa? Ashe ƙanƙantar filin ita ce matsalar, babu wajen laɓewa, gudu ne ba tsayawa, ga zafin Kano da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ciyawar roba da ke ɗaukar zafi.

Sai ma'aikacin jinyar ya kawo sikeli daga gida, kowa ya hau kafin wasa ya kuma hau bayan an tashi. Kilo ɗaya da ka rage kusan lita ɗaya ce ta gumi, wato fiya wata biyu. Ni nauyina kilo 70, ranar farko kilo ɗaya da rabi na zubar, ya ce da zarar abin da ka rage ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyinka to gudu da lissafin fasin duk sun fara lalacewa, ni har na wuce. Shi ya sa nake ta ba abokan hamayya ƙwallo kamar sadaka, da ina ɗora laifin a kan takalmi 😂

Yanzu leda ɗaya nake sha awa biyu kafin wasa, in kurɓa duk sanda aka canza ni, a hutun rabin lokaci in ƙara. Jiya rabin kilo kawai na rage. Fitsari ma ina dubawa, ku yi haƙuri da maganar, in ya yi ja kamar shayi akwai aiki, in ya yi fari-fari to lafiya lau.

Ranar da gumi ya yi yawa muna haɗa ruwan gishiri da sukari, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Satin farko na cika gishiri, ba wanda ya iya haɗiyewa. Wani kuma ya ɗirka leda huɗu lokaci guda ya shiga fili ciki na ƙugi, shi ma ba haka ake yi ba. Kankana dai kowa ya yarda da ita, karo-karo muke a sayo daga 'Yan Lemo.

Golanmu ne har yanzu ya ƙi, wai shi ba ya gudu, lemon kwalba kawai yake sha. Ranar Asabar shi za mu fara ɗorawa a sikeli.