Tambarin da Nake Bugawa a Ruwan Wuƙa

A gidanmu na maƙera a Damagaram, ba a saba buga wa wuƙa shaida ba. Mahauci ya ɗauki wuƙa ya juya ta, ya duba yadda aka fitar da tsininta da yadda aka ɗaure ƙotarta, nan take zai ce maka hannun wane ne. Gari ne da ƙira ta daɗe a cikinsa. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, maƙera suke ƙera igwa a Birni. Amma yanzu wuƙaƙena ba sa tsayawa a Kasuwar Dole. Ƴan kasuwa na kwasar su zuwa Tanut, Magarya, Matamaye, har su tsallaka Daura da Kano, musamman idan Sallar Layya ta ƙarato. Wanda ya saya a can bai san fuskata ba, idan ta yi masa kyau bai san inda zai nemi irinta ba, idan ta ba shi kunya bai san wanda zai tuhuma ba. Abin da ya sa na ƙudura yin tambari ke nan.

Takubban Buzaye ne suka fara buɗe mini ido. Ana kawo mana su gyara, kuma a jikin tsofaffin za ka ga jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, ko wata dabba mai kama da kare tana gudu. Asalin waɗannan shaidu na maƙeran Turai ne, irin na garuruwan Passau da Solingen a Jamus, waɗanda ruwan takubbansu suka riƙa ƙetaro hamada. Da masu saye suka yarda da su, sai maƙeran ƙasashenmu suka riƙa kwaikwayon zanen a kan nasu aikin. A Turai kuwa abin da tsari yake: a Sheffield ta Ingila an kafa ƙungiyar masu ƙera wuƙa a 1624, ita ta riƙa rajistar shaidar kowa. Maƙeran takobi na Japan su kuma a kan gindin ƙarfen da ke shiga cikin ƙota suke sassaƙa sunansu, inda ba mai gani sai an kwance mariƙin.

Da na kai wa mahaifina maganar, tunanina in sa sunana da ajami. Ya ce, "Cikin sunanka akwai sunan Allah. Wuƙa jini take shiga, a ƙasa ake yar da ita, da ƙafa ake take ta." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Shi ya sa na zaɓi siffar uwar maƙera, da ɗigo biyu a ƙarƙashinta, ɗaya na Baba, ɗaya na kakana da ya koya masa. Ƙaramin zane ne, bai wuce ƙwayar wake ba. Na gwada masu ƙawa a kan guntayen ƙarfe, kuma duk zanen da layukansa suka yi yawa sai ya cushe ya zama tabo idan aka buga shi.

Da tsohon magagari na yi abin bugawar. Na gasa shi ya yi ja, na binne shi cikin toka mai zafi ya kwana, da safe ya yi laushin da wani magagari zai iya cinsa. Sannan na zauna da ƙananan kayan da na aro wurin wani maƙerin fari, na riƙa cire ƙarfen da ke kewaye da zanen har siffar ta tsaya a tsaye. Dole a sassaƙa shi a juye, dama ta koma hagu, don haka bayan kowane ɗan gugi sai in danna shi a kan sabulu in ga yadda zai fito. Da ya yi, na taurara bakin kaɗai, na bar gindin da guduma ke duka da laushinsa, domin gindi mai tauri yana iya fashewa ya watso maka ƙarfe a ido.

Inda aikin yake shi ne lokacin bugawa. Yawancin wuƙaƙena da resor ɗin mota nake yin su, falankin ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta a ƙasa, a wutar gawayin ƙirya. Sai na gama fitar da siffa, na goge wurin da tambarin zai zauna, kusa da ƙota kuma nesa da kaifi, sannan in mayar da ita wuta. Ƙanena na kan zuga-zugi. Ƙarfe na yin ja sai ya kama da awartaki ya shimfiɗa a kan uwar maƙera, ni kuma in dasa tambarin in sauke guduma sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Bugu na biyu ba ya taɓa faɗawa daidai gurbin na farko, sai zanen ya fito da inuwa. Kuma in janye tambarin nan da nan in tsoma shi a ruwa, don zafin wuƙar na kashe masa tauri. Bugun yakan ɗan lanƙwasa ruwan wuƙar, sai an miƙar da ita, a sake ɗumama ta a bar ta ta huce a iska kafin a taurara.

Bayan an taurara kuwa, maganar tambari ta wuce. Ko dai bakinsa ya mutu, ko wuƙar ta tsage. Taurarawar ma da ƙa'idarta: ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770, sai in ƙara masa wuta kaɗan in tsoma shi a mai, sannan in ɗumama shi a hankali har ya ɗauki launin busasshiyar ciyawa, wajen digiri 200 da ɗan wani abu. Da yamma nake wannan aikin, saboda ranar Damagaram ba ta barin ido ya ga ainihin jan ƙarfe.

Wuƙaƙen masu kilishi sirara ne ƙwarai, guduma na ɓata su. Su da gishiri da batir nake yi musu: in shafa jan farce, in kankare zanen da allura, in haɗa wayar jan kai a jikin wuƙar, ɗaya wayar a auduga da aka jiƙa da ruwan gishiri, in riƙa dangwalawa. Wutar na cin inda aka kankare. Yana fita tsaf, amma ba zurfi, kuma mahautanmu da toka da yashi suke wanke wuƙa. Na fi amfani da shi wajen rubuta sunan mai wuƙa idan ya nema.

Ba kowace wuƙa nake bari ta fita da tambari ba. Tunda kafin a taurara ake bugawa, gwaji na zuwa daga baya: in goga magagari a kaifin in ji ko zai zame, in sari busasshen itacen ƙirya, sannan in aske gashin hannuna da ita. Wadda ta kasa, sai in goge shaidar a dutse in mayar da ƙarfen wani aikin. Wadda ta wuce kuma ta zama tawa duk inda ta je. Wani mahauci ya dawo mini da guda daga Tanut, ƙotar ta tsage amma ruwan lafiya lau. Ya nuna ɗigon biyu da yatsa ya ce, "Ɗan maƙera, an ce nan ne gidanta." Na sake mata ƙota, ban karɓi ko dala ba.

Daf da Layyar da ta wuce, wani dillali ya zo da kwali cike da wuƙaƙen kanti, ya ce in sa musu shaidata da gishiri, zai biya ni a kan kowace ɗaya. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ban san wutar da suka shiga ba." Ya ƙara kuɗi, na sake ba shi haƙuri, ya ɗauki kwalinsa. Kafin ya fita ya yi odar wuƙaƙen fiɗa na gaske, waɗanda zan ƙera masa bayan Sallah.