Kalmar da na daina faɗa wa matan awo

Shekarata tara ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a Garwa, arewacin Kamaru. Duk watan Oktoba, in aka fara manna ƙyallen nan mai ruwan hoda a ƙirji, ni ake turawa in yi wa matan awo bayanin sankarar mama da Hausa, abokiyar aikina ta maimaita da Fulatanci.

A shekarar farko takarda na riƙe, ina karanto abin da muka haddace da Faransanci kan hanyoyin rage haɗarin ciwon: a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Wata dattijuwa da ta rako surukarta ta dube ni ta ce, "'Yata, ni da ke daka tun asuba, in ɗebo ruwa, in taka har kasuwa, wane motsi kuma ya rage min?" Wuri ya ɗauki dariya. Gaskiyarta. Masu bukatar maganar ba sa zama a bencin nan. Suna gida, an samu hali, 'yar aiki na shara, ko gidan maƙwabta za a je sai an kira babur, ga shayi mai kaurin sukari safe da yamma.

Maganar ƙiba ta fi wuya, don a wajenmu mace in ta yi jiki cewa ake yi mijinta ya iya kiwo. Har ƙwayoyin ƙiba 'yan mata ke saye a tebur. Sai da na koyi faɗin dalili tukuna aka saurare ni: bayan mace ta daina al'ada, kitsen jikinta ne ke ci gaba da samar da sinadarin estirojin, shi kuwa sinadarin yana ciyar da mafi yawan ire-iren wannan ciwo. Giya ma tana ƙara haɗari, ko bilbil ce ta dawa, amma a zaurenmu wannan ba ya ɗaukar minti guda.

Inda nake baje koli shi ne shayarwa. Wani babban nazari da aka fitar a 2002 ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin ɗari. Mu da ba ma yaye sai goyo ya doshi shekara biyu, sai in ɗaga murya in ce, "Shayarwa kariya ce!"

Wannan kalmar ce ta dawo min. Wata baiwar Allah da na karɓi haihuwarta sau uku, 'ya'yanta bakwai duk ta shayar, siririya, ta zo da ƙullutu kamar ƙwan kaza, fatar wurin ta yi ƙuru-ƙuru kamar ɓawon lemo. Wata takwas tana jinsa a ƙarƙashin yatsunta. Na ce, "Haba Yaya, me ya hana ki zuwa?" Ta ce, "Ba ya ciwo. Kuma ai ke kika ce mai shayarwa ta tsira."

Ban ce haka ba, amma haka ta ji, kuma bakina ne ya jawo. Alhali na sani sarai kusan rabin matan da ke kamuwa ba a samun wani dalili a tare da su ban da kasancewarsu mata da shekarun da suka haura 40.

Yanzu "ragewa" nake cewa, in maimaita har su gaji. Sannan in ajiye takarda in ɗaga hannu in nuna yadda ake laluba mama har zuwa hammata, in ce duk ƙullutu, ko kan nono ya lotsa, ko jini ya fito, a zo ko da babu zafi, kafin a fara shafe-shafe. Bara wata yarinya mai cikin fari ta tsaya bayan an watse, tana murza bakin mayafi. Ba don kanta ba ne. Washegari ta zo da innarta.