Ƙannena, Ku Kula da Wutsiyar Tambaya a Turanci

Ku masu shirin WAEC da JAMB, da ku da kuka fara aiki da baƙi, akwai 'yar tambayar nan da ake liƙawa a ƙarshen jimlar Turanci. A Hausa "ko?" da "ko ba haka ba?" sun wadatar ko'ina, shi ya sa na daɗe ina liƙa "isn't it?" bayan kowace magana. Kuskure ne, domin wutsiyar tana bin aikatau ɗin jimlar ne.

In jimla tabbatacciya ce, wutsiya korarriya take zuwa: "You are coming, aren't you?" Mai maganar yana sa ran za ka zo. In an juya, "You aren't coming, are you?", to ya riga ya ɗauka ba za ka zo ba. Kalmomi irin su never da hardly korewa ne, don haka "She never came, did she?" ake cewa. Masu jarrabawa na son wannan tarko.

Inda na fi shan wuya shi ne amsa. Wani shugabana a wurin aiki, Bature ne, ya taɓa ce mini, "You haven't sent the letter, have you?" Na ce "Yes", ina nufin e, gaskiyarka, ban aika ba. Shi kuwa ya ji cewa na aika. Takardar ta kwana a teburina, wanda ke jiran ta ya yi ta jira, aka ɗauke ni maƙaryaci alhali ban yi niyyar ɓoye komai ba. Har yau abin yana damuna.

Bahaushe mutumin yake amsa wa, ya gaskata shi ko ya musa. Bature kuwa aikin yake dubawa: an yi, ko ba a yi ba? In ba ka aika ba, "No, I haven't." In ka aika, "Yes, I have." Kada ku tsaya a yes ko no kaɗai, ku ƙarasa amsar.

Ku kuma saurari murya. In ta sauka a kan wutsiyar, yardarku kawai ake nema. In ta hau, tambaya ce ta gaske. Idan kuma kuka ji jimla da wutsiya duk tabbatattu, kamar "So you know better, do you?", sau da yawa mamaki ne ko ƙalubale, sai ku tausasa harshe kafin ku amsa.