Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗan Bakatsiniya a Chatham

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda na bar Toronto na samu aiki a wani kamfanin kayan mota a Chatham, nan Kanada, to yau ku yi haƙuri ba zancen aikin zan yi ba, akwai wani bawan Allah da ya tsaya min a rai, sai na ba ku labarinsa hankalina zai kwanta.

Wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ya fara tsokanata, wai Malam Bakatsine kana ta hura hanci kamar kai ka fara taka ƙasar nan, ai ɗan'uwanka ya riga ka tun 1854. Na ce haba Baba, a 1854 ɗin? Ya ce je ka bincika sunan Mahommah Gardo Baquaqua.

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. An haife shi a Djougou, arewacin Benin ta yanzu, garin da ke kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja daga ƙasar Hausa, kuma da bakinsa ya ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce, gidansu gidan Musulmi ne, ya yi makarantar allo ma. Aka kama shi aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, wajajen 1845 aka loda shi a jirgin ruwa sai Burazil, ya yi bauta a Pernambuco wurin wani mai gidan burodi, daga baya wani kyaftin ɗin jirgi a Rio ya saye shi. A 1847 jirgin ya kai kofi New York, nan ya samu ya kuɓuta, aka tsallakar da shi Haiti, can ya shiga hannun 'yan mishan har ya karɓi Kiristanci. Na san wasunku nan za su tsaya su ce subhanallahi. Ni dai ba zan yanke wa mutumin da aka raba da uwarsa da harshensa, ba shi da kowa a duniya, hukunci ina kwance a kan katifa ba, kuma ku lura har ƙarshe bai yar da sunansa Muhammadu ba.

Ya dawo jihar New York ya yi karatu a kwaleji, sannan ya ƙetaro Chatham. Lokacin babu ma ƙasar Kanada yadda muka santa, sai 1867 aka haɗa ta, yankin nan sunansa Kanada ta Yamma ƙarƙashin Ingila, kuma tun 1834 an soke bauta a yawancin ƙasashen da Ingila ke mulka, shi ya sa da Amurka ta yi dokar 1850 wadda ta ƙara wa iyayengiji ikon bin bawa har jihohin arewa su kamo shi, sai baƙaƙen fata suka yi ta kwararowa nan. Kusa da mu akwai Buxton da aka kafa a 1849 don irin waɗannan mutane suka mallaki gonaki, ga Mary Ann Shadd da ta dawo da jaridarta nan Chatham a 1855, mace baƙar fata tana buga jarida a wancan zamanin fa!

A cikin wannan jama'ar Baquaqua ya zauna, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit, ƙetaren kogi kaɗan daga garin Windsor na Kanada. Abin da ya fi taɓa ni shi ne duk fafutukar nan burinsa ɗaya ne, ya samu kuɗin jirgi ya koma Afirka. Ya tafi Ingila a 1855 yana neman hanya.

Mu a gida kullum labarin fatake da ayarin jakuna da goron Gwanja ake ba mu da alfahari, kakana ma yana yi, amma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce min a kan hanyar nan har da mutane ake sayarwa. Da na kira Hajiyarmu na ba ta labari cewa ta yi, to uwar tasa 'yar wace unguwa ce, ko ta wajen Gobarau ce?

Mako mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin hunturuna na farko da yadda motata ta ƙi tashi ranar da zan fara aiki.