Littafin sunayen matattu a Belfast

Jirgin ƙasa ya ɗauko ni daga tashar Connolly ta Dublin da hantsi, cikin awa biyu da 'yan mintoci sai ga mu a Belfast, babban birnin Ireland ta Arewa. Ba wanda ya nemi fasfo, ban ma ankara da lokacin da muka tsallaka iyaka daga Jamhuriyar Ireland zuwa Ireland ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya ba.

Washegari wani direban tasi ya kai ni Cupar Way, inda doguwar katanga ta raba unguwar Falls ta 'yan Katolika da Shankill ta 'yan Furotesta. Tun 1998 aka rattaba hannu kan yarjejeniyar sulhu, bayan rikicin kusan shekara talatin tsakanin masu son yankin ya zauna ƙarƙashin Birtaniya da masu son ya haɗe da Jamhuriyar Ireland, amma har gobe in dare ya yi rufe ƙofofin ake yi. Nan take Kaduna ta faɗo mini a rai, yadda bayan rikicin 2000 kowa ya kwashi iyalinsa ya koma ƙetaren kogin da nasa suka fi yawa.

Littafi ne dai ya kawo ni garin. Na shiga ɗakin karatu na Linen Hall da ke daura da zauren birni, wanda tun 1968 yake tara takardun wannan rikici, na nemi Lost Lives. Da hannu biyu aka miƙo mini shi saboda nauyi. A 1999 David McKittrick da abokan aikinsa suka fitar da shi, sun bi mutum sama da 3,600 da aka kashe ɗaya bayan ɗaya: sunansa, shekarunsa, unguwarsu, da yadda ajali ya same shi. Sojan Birtaniya da ɗan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami tana yaƙar mulkin Birtaniya, da yarinyar da aka aika kanti duk suna jere bisa ranar mutuwa, ba a ɗaga wani an ƙasƙanta wani ba. A ganina wannan adalcin ne ya sa ɓangarorin biyu, waɗanda ko sunan ƙasar ba su yarda a kansa ba, suka karɓe shi. Yanzu an daina buga shi, tsohon kwafi sai mai ɗaruruwan fam.

Na zauna ina bin sunaye da yatsa, ina tuna maƙwabtanmu da aka binne a kabari ɗaya, adadi kawai jarida ta ba su. Ina cikin shekarar 1972, wadda ita kaɗai ta ci rai kusan 500, ma'aikaciyar ta matso a hankali ta ce mini lokacin tashi ya yi.