Saƙon Godiya Bayan Kammala Aikin Feshin Sanyaya Motar Golf

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin kaina da abokan aikina, ɗaliban injiniya 'yan ajin ƙarshe a nan Jidda, ina sanar da iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa Hausawa mazauna Saudiyya cewa Allah cikin ikonsa ya nufe mu da kammala na'urar feshin ruwa da muka ƙera don sanyaya fasinjojin motar golf, wato ƙaramar motar lantarki ta zirga-zirga a harabobi, kuma kwamitin malamai ya saurare mu ya amince da aikin. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kawo mu wannan rana lafiya.

Wanda ya taɓa zama a harabar Masallacin Annabi (SAW) da azahar ya san ni'imar fankokin nan 436 masu fesa raɓa a ƙarƙashin manyan lemomi 250, haka ma turakun feshi na filin Arfa. Bayan Hajjin 2024, wanda zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya kuma suka sanar da rasuwar mahajjata 1,301, sai muka riƙa tunanin tsofaffi da marasa ƙarfi da ake ɗauka a waɗannan ƙananan motocin lantarki, waɗanda ban da rufi ba abin da ke kare su daga hucin rana. Muka ɗaura niyyar ƙanƙantar da wannan dabara yadda za ta bi fasinja duk inda motar ta nufa.

Godiyarmu ta farko ga malaminmu mai duba aikin, wanda ya hana mu sayen ko ƙusa ɗaya sai da muka zauna muka yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa idan ta bi iska tana kwashe zafi kimanin kilojul 2,400, wato dai hikimar da ke sa ruwan tulu ya yi sanyi a tsakar gida. Sai dai iska ba ta shan ruwa fiye da ƙishirwarta. A lissafi, iska mai zafin digiri 45 da danshi kashi 10 cikin 100 za ta iya sauka zuwa wajen digiri 21 idan ta ƙoshi da ruwa, amma mai digiri 38 da danshi kashi 60 ba za ta wuce wajen 31 ba, komai kyan famfo. Wannan ƙa'ida ita ta riƙe aikin tun daga farko har ranar gabatarwa. Allah ya ƙara wa Malam lafiya da daraja.

Sai babanmu mai gyaran wutar mota a unguwar Karantina ta Jidda, wanda ya buɗe mana garejinsa bayan sallar isha'i ba tare da ya karɓi ko riyal ɗaya ba. Motar da aka ara mana tana aiki da batir huɗu masu bolt 12 da aka jera suka ba da 48, famfonmu kuwa 12 yake buƙata. Tun kafin mu taɓa waya Baba ya ɗora hannu a kan batiran ya ce, "Ku yi hattara, yarana. In kuka ja wuta daga guda ɗaya, shi zai riga 'yan'uwansa mutuwa, ya ja sauran su bi shi." Shi ya sa muka nemo na'urar rage ƙarfin wuta, shi ya nuna mana inda fis, mai katse wuta idan ta yi yawa, zai zauna, kuma da hannunsa ya naɗe kowace mahaɗar waya don kada danshi ya shiga. Abin da ke littafinmu shafi guda ne a kan wannan, amma ganin yadda yake lanƙwasa mesa nesa da waya, yana ɗaure ta da haƙuri, ya koya mana abin da shafin bai faɗa ba.

Direbobin motocin golf na harabar makarantarmu su ma suna da babban kaso. Motar tana tsaye feshi na sauka daidai, amma da zarar ta motsa sai iska ta kwashe raɓar ta kai wa na baya, na gaba ya tashi a tutar babu. Wani ɗan'uwanmu direba, haifaffen Makka wanda Hausarsa ta gauraya da Larabci, shi ya ba da shawarar a jera bakunan feshin a goshin rufi, a ɗan karkatar da su ƙasa, a kuma kauce wa saitin idon mai tuƙi domin gilashinsa na yin hazo. Shi ya kuma ce a bar feshin ya riƙa zuwa yana ɗaukewa maimakon ya zuba ba ƙaƙƙautawa, abin da ya rage shan ruwa ya kuma hana kujeru jiƙewa. A ganina, da an ba mu dama, da sunansa ya shiga bangon rahoton tare da namu.

Gwajin Jidda bai yi armashi ba, kuma ba mu ɓoye wa kwamiti hakan ba. Garin yana bakin Bahar Maliya, iskarsa cike take da laima, don haka raɓar kan sauka a jiki ta zauna, mutum ya ji ya jiƙe alhali zafin yana nan. Saboda haka muka kwance kayan muka nufi Madina, inda wani kawunmu mai kula da gonar dabino ya roƙa mana izinin maigidansa muka ɗaura su a motar gonar. A can ne aikin ya nuna kansa. Tun kafin raɓar ta kai kafaɗa ta ɓace, ma'aunin zafin da muka rataya a bayan kujera ya fara sauka, busasshiyar iskar da ke ƙona fuska kuma ta koma mai daɗin shaƙa. Kawu, Allah ya saka da alheri, da masaukin da kuma dabinon da aka cika mana jaka da shi.

Iyayenmu mata da suka yarda aka zagaya da su a gonar sun fi kowa faɗin gaskiya. Wata Hajiya ta shafa mayafinta ta ce sanyin ya yi, amma ruwan da ya kwana a tanki yana da wani wari, kuma ita ba za ta so ta shaƙe shi ba. Maganarta ta zo daidai da gargaɗin ma'aikatan ɗakin gwaji, waɗanda suka tunatar da mu cewa ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi da ya daɗe a ajiye, tsakanin digiri 20 zuwa 45, kuma ta hanyar shaƙar feshi take shiga huhu. Dalilin haka muka sa wa tankin mafitar ruwa a ƙasa, muka lulluɓe shi don kada rana ta dafa shi, muka rubuta cewa dole a juye shi kullum. Ma'aikatan ɗakin gwajin ne kuma suka ba mu tataccen ruwa da abin tace ruwa, domin ramin bakin feshin bai kai rabin milimita ba, ɗan gishirin da ke cikin ruwa kaɗai ya isa ya toshe shi.

Muna godiya ga ƙungiyar ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu na Shara Mansur a Makka da suka haɗa mana kuɗin famfo da mesa, da iyayenmu na gida Najeriya da Nijar da ba su gajiya da addu'a.

Na'urar tana nan a ɗakin gwaji don 'yan ajin da ke biye da mu, kuma abin da ya rage mata shi ne ma'aunin danshi da zai riƙa kashe famfo da kansa a gari irin Jidda. Za mu yi 'yar walima ranar Juma'a bayan la'asar a garejin Baba, kuma duk wanda ya sa hannu a wannan aiki muna gayyatarsa.

Wassalamu alaikum.